Irin Hatsin da Muka Gudo da Shi

Ni ba mai fita ba ce. Tun ina gidan ubana haka nake, in an ce a tafi biki sai in ce ku je ku dawo ku ba ni labari. Karatuna bai wuce allo da 'yar firamaren da ban ƙarasa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Abin da aka faɗa a gabana, ko a bayan katanga, ko a rediyo, zama yake yi daram a kaina. Maigidana yakan ce da kunne yana noma, da rumbunmu ya fi na kowa.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Maradun da Gidan Goga. Shekarar da zama ya gagara saboda 'yan bindiga, muka tattaro muka dawo Talata Mafara, gidan wani ɗan'uwan maigidana da ya ba mu ɗakuna da 'yar tsakar gida. Labarin tashin ba shi ne zan ba da ba, ba na ma son tuna shi. Abin da zan faɗa kawai, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ni na ɗauki tukwane da yara, maigida ya jawo akuya. Surukina kuwa, Baba, ya bar rigunansa na salla a rataye, ya rungumo damin iri.

A wajenmu in an ce hatsi, gero ake nufi. Wannan hatsin na Baba dogo ne, zangarniyarsa takan wuce kamu, kuma a hannun mahaifinsa ya gaje shi, shi ma a hannun nasa mahaifin. Duk kaka, kafin a sa lauje, Baba yakan zaga gona shi kaɗai, ya zaɓi zangarkun da suka fi cika, ya ɗaure su daban. Furarsa tana da gardi, karansa ya isa darni da jinka, kuma yakan shekara a rumbu ƙwaro bai taɓa shi ba. Aibinsa ɗaya, ba ya gaggawa. Sai damina ta cika ta batse yake nuna.

Da muka iso Mafara aka rataye damin a ƙarƙashin rumfa, aka cusa masa ganyen dogon yaro saboda ƙwari. Daminar farko ba mu samu gona ba. Mutumin da bai taɓa wuni a gida ba sai ga shi ba inda za shi. Ya zauna a zaure, ya tashi, ya shigo ya shafa damin, ya koma, ya sake tashi. Ni ma da nake son zaman gida, wannan gidan bai zaunar da ni ba. Katangar bulo ce ta kewaye mu, ba a hango komai sai sama. In share tsakar gida, in sake sharewa, in kwashe kwanuka daga nan in kai can, in dawo da su. Abokiyar hirata ita ce 'yar rediyon da nake ajiyewa a bakin taga.

A rediyon nan na fara jin zancen alkawarin. Akwai shirin manoma da ake yi bayan la'asar, aka kawo wani mutum mai magana a natse, ya ce yanayin duniya yana sauyawa, zafi yana ƙaruwa, ruwan sama ba ya bin lokacinsa. Ya ce ƙasashe sun taru, kowace ta ɗauki alkawari, tamu ma ta ɗauka. Alkawarin kashi biyu ne. Na farko a rage hayaƙin da ake turawa sama, na motoci da injuna da itacen girki, a kuma dasa itatuwa. Na biyu a taimaki mutane su iya zama da sauyin da ya riga ya zo, a samar musu irin shuka mai saurin nuna, a kuma riƙa faɗa musu lokacin da ruwa zai zauna da gaske. Na kalli murhuna yana ta turnuƙe ni da ɗanyen itace, na ce ashe har da ni aka yi wa duniya alkawari ba a tambaye ni ba.

Tsakanina da Baba akwai kunya, ba na zama in yi musu da shi. Amma muna da hanyarmu. In ina son ya ji magana, sai in faɗa wa akuya da ƙarfi. In yana son ba ni amsa, shi ma akuyar yake faɗa wa. Ranar na tsaya ina ba ta dusa, na kwashe duk abin da mutumin rediyo ya ce na gaya mata. Can daga zaure sai na ji Baba yana gyaran murya.

"Ke akuya, gaya musu ruwa na Allah na. Wanda bai aje hadari ga aljihu ba, mi zai yi alkawali da shi?"

Na ce wa akuyar ai ba ruwan suka yi alkawari ba, dabara suka ce za su kawo. Baba ya ce dabarar da ta wuce ta kakansa bai gan ta ba tukuna. Akuya dai tana ta cin dusarta.

Bazara ta biyu ta kama, sai ga wata Talata. Duk wanda ya san Mafara ya san ranar kasuwa gari cika yake, kuma gidanmu bai da nisa da hanya, mata kan shigo neman ruwa ko wurin salla. Da azahar wata mata ta yi sallama, kakkaura, da kwandon daddawa a kai. Na ba ta buta da tabarma. Da ta idar na kawo mata ruwa, sai hira ta ɓarke, don ita ma irina ce, bakinta ba ya hutawa. Ta ce daga Bakura take. Ta ce injin casar shinkafa ne a bayan katangarta, ƙararsa ta hana kajinta yin ƙwai, sai cin tsaba kamar baƙin da ba su san ranar tafiya ba. Ta ce kwaɗin kanal, wato magudanar da ke kawo musu ruwan dam, sun fi ladan tashi da wuri. Tana faɗa tana dariya, wata irin dariya mai kama da tari, ta fara daga ƙasa ta hau.

Tana cikin ɗaura kwandonta idonta ya faɗa kan damin. Ta matsa kusa. Ta ce rabonta da ganin irin wannan hatsi tun tana yarinya a Dosara, mahaifinta shi yake nomawa. Sai ta ce ko za a sam mata 'yan zangarku ta kai wa mijinta.

Damin ba wani babba ba ne, ɓera ma ya ɗan taɓa gefe. Na fara kame-kame, ina cewa ai ba nawa ba ne, na tsoho ne, kuma shi ke nan abin da muka tsira da shi. Ban rufe baki ba na ji takun Baba. Ya shigo, ya gaisa da baƙuwar daga nesa, ya kwance damin, ya zaro zangarku masu kyau, ba ma na gefe ba, ya miƙo mini in ba ta. Bai ce da ita komai ba sai Allah ya sa albarka. Ta yi ta godiya ta tafi.

Da yamma na ji yana faɗa wa maigida dalili, ni kuma ina daga bakin murhu. Ya ce haka ya taras a gidansu: ana iya hana mutum hatsin ci in babu, amma ba a hana iri. Ya ce iri ba na mai shi ba ne, ajiya ce, kakansa ma roƙa ya yi aka ba shi. Kuma ba a tambayar sunan wanda aka ba, don kada ya ɗauka za a biyo shi. Ni dai ranar dakan da na yi, turmi ya ji a jikinsa.

Ba a daɗe ba Allah ya sa aka ba mu aron gona a bayan gari, jigawa ce, ba ta da girma. A kwanakin ne kuma malamin gona ya zo ƙofar gidan mai unguwa da sabon iri, maigida ya samo 'yar jaka. Ya dawo yana ba da labari cewa wannan hatsin gajere ne amma yana nuna da wuri, kuma malamin ya ja musu kunne kada su yi gaggawar shuka, don ana ganin ruwan farko na bana zai zo ya ɗauke, a jira ƙasa ta sha sosai. Abin da na ji a rediyo ke nan, kusan kalma da kalma. Baba ya zuba sabon irin a tafin hannu, ya juya shi, ya ce ba shi da laifi, amma hatsin da bai kai ƙugun mutum ba da me za a yi darni. Ya ce shi binne zai yi.

Binne shi ne a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira. In ruwan farko ya zo sai ya tashi tare da shi, ya riga ciyawa. Ga hatsi mai nawa irin namu, wannan rigayen shi ne ribarsa. A ƙauyenmu haka ake yi tun da, kuma ruwan farko yakan zo da ƙannensa a baya.

Maigida ya roƙe shi a rage ko da kaɗan ne a ajiye. Baba ya ce irin ya riga ya tsallake damina ɗaya a rataye, in ya tsallake wata zai mutu a tsaye, ajiyar me za a yi? Kuma abin da ya rage bayan an sussuke ko gonar bai cika ba. Maganarsa da gaskiya a ciki, shi ya sa ta fi ciwo. Na gaya wa akuya cewa mai ƙwai ɗaya ba ya wasan jifa da shi. Washegari da sassafe Baba ya saɓa sungumi, maigida ya bi shi da ƙwaryar iri.

Daga ranar zama ya ƙare mini. In ɗora tukunya in fito in kalli gabas. In koma in juya miya in sake fitowa. Ko tsumma iska ta ɗaga sai in ce hadari ne. Yara suka fara yi mini dariya, wai na zama mai gadin sama. Sannan ruwan ya zo, da rana tsaka, da ƙamshin ƙasa da komai, ya jiƙa gari ya wuce. Bai kai a tara a randa ba, amma ya isa ya tayar da iri. Bayan 'yan kwanaki Baba ya dawo daga gona fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa, ya ce hatsi ya tsiro layi-layi, ko rami ɗaya bai ƙi ba. Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Sai sama ta rufe bakinta.

Hadari yakan haɗu da la'asar, baƙi ƙirin, har mu kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari rana ta fito kamar an hura ta. Aka fita roƙon ruwa, maza suka juya rigunansu suka tafi filin idi, mu muka yi sadakar gumba a gida. Baba ya koma ɗaukar jarka yana bin layi ɗaya na bakin gona yana ɗiga wa kowane tsiro ruwa da murfin buta. Tsoho da jarka a ka, cikin wannan zafin. Maigida ya hana shi, bai hanu ba, ya karɓi jarkar yana kai masa. Amma yashin jigawa in ya yi zafi soya tsiro yake yi daga ƙasa. Ganyen ya nannaɗe, ya koma ruwan toka, iska ta kwashe. Lokacin da ruwa na gaske ya sauka, wanda ya cika kwatami ya rushe wa maƙwabta katanga, babu abin da ya rage a gonar da zai tashi.

Maigida ya sake shuka da sabon irin. Ya fito, ya yi kyau, ya yi ciki da wuri, tun ana tsakar damina muka fara gasa tumu. Ba zan yi wa Allah butulci ba, wannan hatsin shi ya ciyar da mu, kuma malamin gona bai faɗi ƙarya ba. Amma Baba ya daina zuwa gona. Ya daina shiga da fita. In na kunna rediyo ba ya tanka wa akuya. In an kai masa tuwo ya taɓa loma kaɗan ya ture. Rannan maigida ya zauna kusa da shi yana lallashi, yana cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take yi. Na ji amsar daga inda nake tankaɗe.

"Ba rawa ta ba, yaro. Abin da kakana yab ba ubana, ubana yab ba ni, ga hannuna yaƙ ƙare."

Na ajiye rariyar. A nan ne matar Bakura ta faɗo mini a rai.

Da na gaya wa maigida ya ce Bakura ba gida ɗaya ba ne, ba mu san sunanta ba, ba mu san na mijinta ba, kuma wa ya sani ko tuni ta dama kunu da zangarkun. Ga hanya ba lafiya gare ta ba kullum. Na ce haka ne. Na yi shiru kwana biyu, amma shirun baki ne kawai. Na ƙona miya, na zuba gishiri a koko, na tsinci kaina tsaye a tsakar gida da tsintsiya ban san me na fito yi ba. Na sake tayar da maganar. Na ce ina da injin casa, ina da kanal, ina da daddawa, ina da dariyarta. Ya ce to shi ya je ya nema. Na ce ya je ya shiga gidan wa? Namiji iyakarsa zaure. In dai za a leƙa tsakar gidajen mutane, sai mace. Ya daɗe yana kallona, don ya san rabona da fita garin nan tun ranar da muka shigo shi. Daga baya ya aro babur. Ba mu gaya wa Baba ba, kada mu ɗaga masa rai a banza. Muka ce dubiya za mu.

Tafiyar ba ta yi mini daɗi ba, na ƙanƙame ƙarfen babur ina ta addu'a, duk kurmin da muka wuce sai na kau da kai. Amma da muka kusa, sai ga shinkafa kore shar har iyakar gani, ruwa yana bin kanal a hankali, mutane sun duƙa suna aiki. Na ce ashe akwai inda ƙasa ba ta jiran sama.

Abin da ban lissafa ba, injin casa a Bakura ba ɗaya ba ne, mai daddawa ma ba ɗaya ba ce. Kuma ba a shiga gidan mutane a ce ina wance. Sai an yi sallama, an shimfiɗa tabarma, an tambayi gida da yara da gajiya da damina da mutanen Mafara, an kawo ruwa an sha, sannan a gangaro kan abin da ya kawo ki. Gida na farko na sha ruwa. Na biyu na sha kunun zaƙi. Na gaba aka dama mini fura, aka kuma kira mini wata tsohuwa mai daddawa siririya kamar kara, wadda ta ce ita ba ta taɓa taka Mafara ba amma tun da na zo sai in saya. Na saya. Duk gidan da na fito sai in ga maigida a gindin bishiya ya zuba mini ido, in girgiza kai, mu ƙara gaba. Wasu matan suka ɗauka kuɗi nake bin matar da nake nema, suka fara ɓoye-ɓoye, sai da na rantse.

Da la'asar ta gabato maigida ya ce mu juya tun hanya da mutane. Na ce ya ba ni lungu ɗaya. Akwai wani inji can ƙarshen gari wajen kanal, yana ta ƙara. Muna zuwa daidai nan injin ya mutu, ko mai ya ƙare ko me, wuri ya yi tsit. Cikin wannan shirun na ji wata murya a bayan katanga tana faɗa da kaji, tana ce musu ga shi an kashe injin, sai su kawo wani dalilin. Sannan dariyar ta biyo baya, daga ƙasa ta hau.

Ban ma tsaya an amsa sallamata ba. Tana ganina ta tafa hannu.

"Matar gidan dogon hatsi! Wa ya mutu kika fito?"

Na ce ba wanda ya mutu tukuna. Muka gaisa a gurguje, abin da ban taɓa yi ba, na ba ta labari tun daga binne har zuwa tuwon da Baba yake turewa. Ta ce in gode wa Allah, don saura ƙiris ta daka zangarkun ranar da jikanta ya yi zazzaɓi yana son kunu, har ta sussuke ɗaya. Sauran ta ba mijinta, shi kuma dashen shinkafa ya sha masa kai, ya jefa su a kan rumfa ya manta. Sai da ruwa ya zauna sosai ta yi ta masa mita, ya je ya shuka su a gefen gonarsa ta tudu, kusa da nasa sabon hatsin, don dai ta ƙyale shi.

Ta yafa mayafi ta kai mu. Mijin yana can, ya fito daga cikin shinkafa da laka har gwiwa. Ya nuna mana da haɓa. Layuka kaɗan ne, amma sun fi shi tsawo, sun yi wa gajeren hatsin da ke gefensu rumfa, zangarku sun fito dogaye suna ta zubar da bununi, ƙurar furensu. Maigida ya kama kara ɗaya ya riƙe.

Nan kuma kunya ta kama ni. Kyauta aka yi, ga ni na biyo ta har gida, abin da Baba ya ce ba a yi. Na fara zagaye-zagaye, ina cewa ba wai mun zo karɓa ba ne, mun dai zo gani. Mijin ya goge hannunsa a riga, ya dubi maigida.

"Malam, ku bar batun abin da kunka ba da, wancan ya wuce. Iri kuka so? To ku tambaya. Ni ban taɓa jin inda anka hana shi ba."

Maigida ya tambaya, kamar yadda baƙo yake tambaya. Mijin ya ce in an girbe za a kawo mana.

Sauran daminar na yi ta da sirri a ciki kamar mai ƙaramin ciki. Ina tsoron tsuntsu, ina tsoron ruwa ya ɗauke kafin ya nuna, ina tsoron Baba ya kwanta kafin kaka. Duk Talata kunnena yana ƙofa. Sai wata Talatar bayan an yi girbi, da hantsi, na ji dariyar tun daga waje. Ta shigo da kwandon daddawa a kai, da ɗan dami a hammata, ta dire shi a gaban zaure ta ce a gaya wa tsoho baƙonsa ya dawo.

Baba ya fito yana dafa bango. Ya daɗe yana kallon damin. Ya zaro zangarniya ɗaya ya gwada ta da hannunsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ta wuce. Ya murza, ya hure, ya jefa ƙwaya a baki ya tauna. Muna tsaye muna jira ya yi magana. Da ya buɗe baki, akuya ya kalla.

"Ke, gaya musu a dama min hura. Da yawa."

Da bazara ta zagayo na zuba ido in ga ko zai sake binne. Ba wanda ya ce masa kada ya yi. Ruwan farko ya zo, Baba ya ce bayansa yana ciwo. Na biyu ya zo, ya ce sungumin yana son a sake masa ƙota. Sai da ƙasa ta sha har ta ƙoshi, rediyo ma ta ce ruwa ya zauna, sannan bayan ya warke rana ɗaya. Aka raba gonar, rabi nasa, rabi sabon iri.

Amma abin da ya fito a rabin Baba ba shi ne hatsin da muka sani ba, ko in ce ba shi kaɗai ba ne. Wani dogo kamar da, wani gajere, wani tsaka-tsaki, wani ya nuna tun sauran suna bununi. Maigida ya tambayi malamin gona, ya ce haka gero yake, in an shuka iri biyu kusa da juna iska tana ɗaukar bununin wannan ta kai wa wancan, sai a 'ya'yan ake gani. Da aka gaya wa Baba, ya ce ashe hatsin aure ya yi a Bakura ba a gayyace mu ba. Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga ya juya yana goge ido da bakin rawani. Wanda ya gudo da shi a ƙirji ba zai sake dawowa yadda yake ba, ya sani, mu ma mun sani.

Duk da haka, kafin a sa lauje ya zaga gonar shi kaɗai kamar yadda ya saba. Ya daɗe ƙwarai, har na fara leƙe. Da ya dawo na duba abin da ya zaɓo. Dogaye ne duka, amma cikin dogayen, waɗanda suka riga nuna ya bi ya tsinto. Ya ɗaure su dami biyu. Ɗaya ya ce a kai ƙarƙashin rumfa. Ɗayan ya rataye shi da kansa a zaure, daidai inda duk mai shigowa zai gani.

Yanzu ga wata bazarar ta kama. Rediyo ta ce manyanmu sun sake zuwa taro sun sabunta alkawari, sun ƙara da wasu. Ban san nawa ne zai iso lungunmu ba. Murhuna dai yana nan yana hayaƙi, cikin itatuwan da aka raba mana mu dasa ɗaya ne akuya ta bari, na kewaye shi da ƙaya ina ba shi ruwan wanke-wanke. Ƙauyenmu har yau ba a komawa. Damin zaure ya ragu, mutum biyu sun tambaya an ba su, ban tambayi sunansu ba, amma na saurari hirarsu da kyau.

Tun ɗazu iska ta sauya, ina jin ta a ganyen bishiyar maƙwabta. Baba yana zaure yana gyaran murya, ya tambayi akuya ko mutumin rediyo ya ce wani abu game da ruwan bana, wai ba don ya damu ba. Na ce mata ta ce masa sai bayan la'asar. Tukunyata tana kan wuta, amma bari in leƙa gabas tukuna.